SHANYEWAR ƁARIN JIKI: ABIN DA YA SA TA FI YIN ƁARNA A WANSU WURARE

Shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne sa'ad da jini ya kāsa isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe. Ƙididdigar shekarar 2019 ta nuna cewa wajen mutum miliyan 12 ne ciwon ya kama a duniya, fiye da miliyan 6 kuma suka rasu. Amma ɓarnar ba daidai take ko'ina ba, gama kashi 86 cikin ɗari na mamatan daga ƙasashe matalauta da masu tasowa suke.

BAMBANCI A CIKIN ƘASA GUDA

Ko a ƙasa mai arziki ana samun wannan bambanci. A kudu maso gabashin Amurka akwai jihohi 8, ciki har da Alabama da Jojiya da Misisipi, inda aka daɗe ana mutuwa da wannan ciwo fiye da sauran sassan ƙasar. Masana sun danganta haka da yawan hawan jini da ciwon sukari, da irin cimar mutanen, da talauci.

YAMMACIN AFIRKA

A 2018 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya da Ibadan, bisa jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan. An duba majiyyata fiye da 2,000. Aka tarar kusan kashi 32 cikin ɗari fashewar jijiya ce ta same su, watau irin da ya fi saurin kisa, alhali a ƙasashen Turai wannan iri bai cika wuce kashi 15 ba. Matsakaicin shekarunsu 59 ne, lokacin da magidanci yake ɗauke da nauyin iyali. Hawan jini shi ne babban dalili, sannan rashin cin ganye da yawan gishiri suka ƙara haɗarin. A ƙasarmu har yara masu amosanin jini ciwon yakan kama.

BAMBANCIN JIYYA

Akwai allurar narkar da gudan jini, amma a ƙa'ida cikin awa 4 da rabi da somawar ciwon ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna, domin in jijiya ce ta fashe, allurar za ta ƙara ɓarna. Na'urar ɗaukar hoton da ƙwararrun likitoci galibi a manyan birane suke. Saboda haka mutumin ƙauye yakan iso bayan lokaci ya ƙure, balle in an tsaya neman maganin sammu ko na iska.

ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU YI

Hawan jini ba ya sallama, yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Lalle ne kowane baligi ya riƙa zuwa ana auna jininsa, in kuwa ya kai 140 bisa 90 ko fiye, ya nemi shawarar likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin sinadarin ɗanɗano.

In aka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannunsa ya yi sanyi ya kāsa ɗagawa, ko maganarsa ta sarƙe, kada a ba shi ruwa ko abinci, gama zai iya shaƙewa. A garzaya da shi babban asibiti nan take, a kuma gaya wa likita lokacin da abin ya soma.