Farcen Kyanwa: Wanne Ake Yankewa, Wanne Ake Bari?

Duk wanda ya zaga unguwannin masunta a Yelwa, ko Wara ta ƙasar Ngaski, ko ƙauyukan bakin ruwa na Shanga, zai lura cewa da wuya a sami wurin bandar kifi babu kyanwa a kusa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 tafki ya malale, kifi da shinkafa suka ci gaba da zama dukiyar wannan yanki, ɓera kuwa ba ya ƙetare ko ɗaya. Saboda haka kyanwa a nan ma'aikaciya ce, kuma farcenta shi ne kayan aikinta. To, ina dalilin yanke shi?

Kyanwa tana da farata 18: biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. An yi su da sinadarin keratin, wato abin da aka yi ƙahon sa da farcen mutum da shi. Sai dai nata yana tsirowa ne ɓawo bisa ɓawo, kamar albasar Yauri. In mai karatu ya ga kyanwa tana kartar gindin bishiya ko turken akuya, ba ɓarna take yi ba, tsohon ɓawo take sulluɓewa don sabo mai tsini ya fito. Kyanwar da ke yawo tana farauta ita ke yi wa kanta gyara. A ganina, a bar mata makaminta. Rage shi zalunci ne gare ta, asara ce ga mai rumbu.

Matsalar tana wajen tsohuwar kyanwa, da marar lafiya, da wadda ake kulle da ita a ɗakin siminti. Idan karta ta ragu, farce yakan yi kauri ya lanƙwashe har ya huda tafin dagi, wurin ya ɗuri ruwa, ta dinga ɗingishi. Wanda ya fi yin haka shi ne ɗan farcen nan na gefe a ƙafar gaba, domin ba ya taɓa ƙasa. Don haka a riƙa duba dagi duk bayan mako biyu.

Yadda ake yankan ba wuya. A bari sai ta ƙoshi ta kwanta. A danna dagin a hankali, farce zai fito. In an haska shi za a ga jan wuri daga gindi, can jijiyoyi da jini suke, kada a kusance shi. Farin tsinin kaɗai ake datsewa da ɗan abin yanke farce mai kaifi, ba da reza ba. In an yi kuskure jini ya fito, a danne da tsumma mai tsabta ko garin sitaci. In ta fara fisge-fisge a sake ta, gobe ma rana ce. Ba kowace mage ce kyanwar Lami ba. Farcen da ya riga ya nutse cikin nama kuwa aikin likitan dabbobi ne. Cire farce gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi a Amurka, guntule gaɓar yatsa ne, har jihar New York ta haramta shi a 2019.

Akwai kuma lafiyar mutanen gida, musamman yara. A 1950 likitan Faransa Robert Debré ya bayyana ciwon yakushin kyanwa, wanda daga baya aka gano ƙwayar cutar Bartonella henselae ke haddasa shi. Ƙuma ce ke yaɗa ta tsakanin kyanwoyi, kashin ƙumar ya maƙale a farce lokacin susa, yakushi ya shigar da shi fatar mutum. Bayan mako ɗaya zuwa uku sai kaluluwa ta taso a hammata ko wuya, wani lokaci da zazzaɓi. Yanke farce yana rage zurfin rauni, amma ba ya kashe ƙwayar. Yaƙi da ƙuma shi ne babba. Wanda kyanwa ta yakushe ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa. Idan kyanwar baƙuwa ce, ko halinta ya sauya, ko cizo ta yi, a garzaya asibiti a ranar, domin kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare.