Daga Gonar Aidan Zuwa Bakin Ruwan Wara: Matsayin Miji Da Mata A Gidan Kirista

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Wara da Libata da Ngaski da Birnin Yauri, da na Yelwa da Shanga, har da 'yan'uwanmu na ƙetaren ruwa, wato Agwara da Rofiya. Shirinmu na musamman na yau zai shiga cikin gida ne, ya zauna tsakanin miji da mata. Za mu duba abin da Kiristocin wannan yanki suke karantawa a farkon Littafi Mai Tsarki game da halittar Adamu da Hawwa'u, da yadda wannan karatu yake sauka a zaman aure. 'Yan'uwa Musulmi da ke tare da mu, ku ma kun san waɗannan sunaye biyu, kuma kasuwa ɗaya muke ci, jirgi ɗaya muke shiga. Ku dakata mu ji tare.

Duk wanda ya saba halartar ɗaurin aure a majami'unmu ya san yadda gargaɗi yake tafiya. Idan aka juyo kan amarya, sai magana ta yi tsawo: ki yi biyayya, yi na yi, bari na bari, ki yi haƙuri, zaman aure sai da haƙuri. Iyaye mata su ɗora nasu, gwaggo ta ɗora nata. Idan aka zo kan ango, kalma biyu ce ko uku: ka riƙe ta amana, Allah ya ba da zaman lafiya. Shi ke nan, sai a tashi a ci shinkafa. In ka tambayi dalili, za a ce maka ai haka Allah ya tsara tun farko, namiji aka fara yi, daga haƙarƙarinsa aka ciro mace. To, tunda farkon aka kafa hujja da shi, mu koma farkon mu gani.

Kafin nan, ya kamata mu san yadda littafin ya iso hannunmu. A shekarar 1905 wani ɗan ƙasar Kanada mai suna Banfield ya kafa aikin mishan a Tsonga, ƙasar Nupe. Daga wannan tushe aikin ya hauro arewa, ya iso Salka da Zuru a shekarun 1920, daga baya ya kai Yelwa, kuma shi ne ya zama ikilisiyar UMCA da muka sani yau. Katolika na wannan yanki kuwa suna ƙarƙashin Kwantagora, wadda ta zama cikakkiyar dayosis a 2020, da Bishop Bulus Dauwa Yohanna a kan kujera. Kambari da Gungawa da Lopawa da Dukawa kowa da harshensa, amma da Hausa akasari aka karanta musu labarin halitta, domin tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka sake sabuwar fassara a 1979. Saboda haka littafin yana gidajenmu, ba sai mun jira wani ya faɗa mana abin da ke ciki ba.

(Gajeren kiɗa)

Sura ta 1 ta Littafin Farawa ta ce Allah ya yi mutum cikin kamanninsa, ta kuma fayyace cewa namiji da mace ake nufi. Albarkar da aka sa, su biyu aka sa wa. Aikin kula da ƙasa da abin da ke cikinta, har da kifayen ruwa, su biyu aka damƙa wa. Ka karanta surar daga sama har ƙasa, za ka ga an ɗora mutum a kan dabbobi da tsuntsaye da kifaye, amma ba za ka ga inda aka ɗora ɗayansu a kan ɗaya ba.

Sura ta 2 ta sake kawo labarin a tsanake. A surar farko duk abin da Allah ya yi, yakan dube shi ya ga yana da kyau. Abu na farko da aka ce ba shi da kyau shi ne zaman namiji shi kaɗai. Ku lura, ya 'yan'uwana maza, gona na hannunsa, ruwa na gudu, abinci ya wadata, babu zunubi tukuna, duk da haka Mahaliccinsa ya ga bai cika ba. Aka kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna, bai sami daidai da shi a cikinsu ba. Da aka kawo macen, maganar farko da ta fito daga bakinsa ta murna ce, ta wanda ya ga jininsa. Mai taimako ake kawo wa wanda ya kasa shi kaɗai, don haka ambaton taimako a wannan wuri shaida ce a kan buƙatar namiji.

Sai kuma ayar da ta rufe labarin, wadda ta fi kowace wuyar haɗiya a ƙasarmu. Ta ce namiji ne zai rabu da uwa da uba ya manne wa matarsa. A al'adarmu amarya ake ɗauka a kai gidan miji, sau da yawa cikin babban gida, kusa da ɗakin uwar miji da na matan yayye. Ita ce ke barin kowa nata. Ba na cewa a watsar da iyaye, domin littafin nan ɗaya ya umarci a girmama su. Amma akwai gidaje da yawa inda miji ya kai shekara arba'in, sirrin ɗakinsa yana hannun mahaifiyarsa, kuɗin da ya samu a kifi ko a albasa 'yan'uwansa sun san adadinsa, matarsa kuwa sai dai ta ji a bakin maƙwabta. Irin wannan mutum ya yi biki, amma rabuwar da ayar ta nema daga gare shi bai yi ta ba.

To ina mulkin miji ya fito? A sura ta 3 ne, bayan an ci 'ya'yan itacen da aka hana. A nan ma akan karanta rabi a bar rabi. Ana yawan cewa mace ce ta jawo wa duniya wahala, alhali labarin ya nuna mijin yana tare da ita, ta miƙa masa ya karɓa ya ci, bai ce uffan ba. Da Allah ya zo, namijin ya fara kira. Shi kuwa maimakon ya ɗauki laifinsa, sai ya tura shi kan matar, har ya shafa wa wanda ya ba shi ita. A cikin sakamakon wannan faɗuwa ne aka lissafa naƙuda mai tsanani, da ƙaya da sarƙaƙƙiya a gona, da cin abinci da gumin goshi, da miji yana mallakar matarsa.

Ina so manoman da ke saurare su yi tunani a kan wannan jeri. Wane ne a Ngaski ya taɓa barin ƙaya a gonar dawarsa don an ambace ta a Farawa? Muna sassabe, muna noma, muna sayen maganin ciyawa, wanda ya samu hali ya ɗauko shanun huɗa ko tarakta don gumin ya ragu. Mace mai ciki muna kai ta awo, idan haihuwa ta zo da gardama mu nemi mota ko jirgi zuwa asibiti. Duk abin da ke cikin jerin nan muna yaƙi da shi, kuma babu faston da ya ce mun saɓa wa Allah. Abu ɗaya tak muka ware muka rungume, muka sa masa sunan tsarin Allah, shi ne wanda ya yi wa maza daɗi. A ganina wannan karatu ne na son zuciya.

(Gajeren kiɗa)

Adalci ne in faɗi cewa Kiristoci masu ilimi da tsoron Allah sun rabu biyu a kan wannan batu. A Amurka, a 1987, wasu malaman ikilisiya sun rubuta sanarwar da ake kira ta Danvers, suna cewa namiji da mace darajarsu ɗaya amma aikinsu daban, kuma shugabancin miji yana nan tun kafin faɗuwar mutum, tunda namiji aka fara yi. Suna kafa hujja da wasiƙun Manzo Bulus. Wasu kuma suka kafa tasu ƙungiyar a daidai wannan lokaci, suna cewa baiwa ce ke raba aiki, ko ta namiji ce ko ta mace. A 1988 Paparoma John Paul na Biyu ya rubuta wasiƙa kan darajar mata, inda ya koyar da cewa sarayar da kai a aure ta ɓangare biyu ce. A 1989 kuma, a birnin Accra, Mercy Amba Oduyoye ta Ghana ta tara mata masana tauhidi na Afirka don su ma a ji karatunsu.

Yawancin majami'unmu na nan sun fi karkata ga ra'ayin farko, kuma ba na neman a yi rigima a kan haka. Amma ko wanda ya riƙe shugabancin miji da hannu biyu, dole ya karanta Afisawa sura 5 har ƙarshe. Kafin Bulus ya ce wa mata komai, a aya ta 21 ya nemi masu bi duka su yi wa juna ladabi. Abin da ya faɗa wa mata gajere ne. Abin da ya ɗora wa maza ya fi tsawo nesa ba kusa ba, kuma ma'aunin da ya ba su shi ne Almasihu, wanda ya ba da ransa saboda ikilisiya. Shugabancin da ake nufi ke nan: kai ne na farkon yunwa idan abinci ya gaza, kai ne na farkon neman gafara idan an saɓa. A 1 Korintiyawa sura 7 ya ba mace iko a kan jikin mijinta daidai da yadda ya ba miji a kan nata. Manzo Bitrus kuma ya gargaɗi maza cewa rashin girmama mace yana iya toshe addu'arsu. Yesu da kansa, da aka tambaye shi zancen saki a Matiyu sura 19, ya mai da masu tambayar can farkon halitta, ya ce taurin zuciyarsu ne ya sa Musa ya yi musu sassauci.

Yanzu mu fito bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tashi sama da mutum 40,000 aka sake musu matsuguni, wa ya riƙe gidajen nan? Namiji ya jefa taru ko birgi, ya fito da tarwaɗa da karfasa. Daga nan aikin ya koma hannun mace: ta fafe, ta wanke, ta nemo itace, ta kwana a bakin banda hayaƙi na cin idonta, ta kai kasuwa. Tana gonar shinkafa, tana gonar gyaɗa, ga goyo a baya. Jirgin da ya nitse kusa da Wara a ranar 26 ga Mayu 2021 da mutane fiye da 150 a cikinsa, da yawa daga cikinsu mata ne da yara. Allah ya ji ƙansu. Matanmu suna kan ruwan nan kullum saboda neman abin da za a ci. Macen da Karin Magana sura 31 ta yaba ma irinsu ce: tana duba gona ta saya, tana ciniki, tana kawo abinci daga nesa, mijinta kuwa ya amince da ita, yana yabonta a bainar jama'a. Wannan yabo na miji shi ne ɓangaren da ya yi ƙaranci a wurinmu.

Kakanninmu ma ba su ɗauki mace abin banza ba. A ƙasar Zuru saurayi yakan yi shekaru yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, kamar yadda Yakubu ya yi wa Laban bauta shekara 7 saboda Rahila. Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne idan mutum ya ɗauki wahalar da ya sha, ko sadakin da ya biya, a matsayin kuɗin saye. Daga nan ake jin "ai da guminka ka same ta", daga nan hannu yake tashi. Ina faɗa da babbar murya: babu aya ko ɗaya, daga Farawa har Wahayin Yahaya, da ta ba Kirista izinin dukan matarsa. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ma ta ɗauki dukan mata a matsayin laifi. Dattijon ikilisiya da mace ta zo masa da kumburarren ido, ya ce mata koma ki yi haƙuri, bai kira mijin ya tsawata masa ba, ya sa hannu a zaluncin.

Haka zancen haihuwa. Idan shekara uku ta wuce babu ciki, idon dangi duka kan matar yake komawa, a fara raɗe-raɗin ƙaro wata, alhali an yi alkawarin mace ɗaya a gaban bagade. Likitoci sun tabbatar matsalar tana iya kasancewa daga namiji. Ku tafi asibiti ku biyu. Haka kuma gwauruwa: ranar da miji ya rasu, a zo a kwashe jirgi da inji da taru da gona, a bar ta da marayu hannu wofi. In da gaske mun yarda su biyun sun zama ɗaya, to rabin mamacin yana nan da rai, kuma shi muke wa fashi.

Ku kuma iyayenmu na Zumuntar Mata, akwai naku. Da bakinku ake yi wa amarya gargaɗi, kuma sau da yawa uwar miji ce ke hura wutar da ke cin gidan ɗanta. Abin da kika sha a hannun surukarki, kada ki ajiye shi ki juye wa 'yar wani. Ladabi da girmama miji suna nan a littafin, ba a soke su ba, mace mai raina mijinta a gaban 'ya'yansa tana rushe ɗakinta da hannunta. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, haƙurin dai a raba shi biyu.

Roƙona ga fastoci da fada-fada da katikis da dattawan ikilisiya daga Wara har Shanga shi ne, a ɗaurin aure na gaba, ku karanta sura ta 1 da ta 2 ta Farawa kafin ta 3, ku fara Afisawa daga aya ta 21, kuma ku tsai da ango ku yi masa gargaɗi gwargwadon yadda kuke yi wa amarya. Kai kuma maigida da ke riƙe da rediyo yanzu, a daren nan ka zauna da matarka ka faɗa mata abin da ka samu a kasuwar da ta wuce, ku yanke shawarar kuɗin makarantar yara tare.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)