Hana Izini a Jakar Kwamfuta: Asalin Matsalar da Maganinta

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi yakan zo adana kundin bincikensa a kwamfuta, sai manhaja ta ƙi, ta ce an hana izini. Nan take sai ya zaci na'urar ta lalace, har wani ya kai ga goge komai, aikin watanni ya salwanta. Alhali kuwa lafiyarta lau, ƙofa kawai aka rufe wa manhajar. Wannan maƙala za ta bayyana asalin matsalar da yadda ake warware ta.

2.0 Tsarin Izini

Tsarin da ya fi shahara shi ne na Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a cibiyar binciken Bell ta Amurka a 1969, kuma Linux ta bi sawunta a 1991. Da yake mutane da yawa ke amfani da na'ura guda, ya zama wajibi a shata wa kowa iyaka. Saboda haka aka kasa masu amfani gida uku, watau mai jaka, da ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Izini ma iri uku ne, kowane da lambarsa. Karantawa, watau ganin sunayen abin da ke cikin jaka, 4 ne. Rubutawa, watau ƙarawa ko gogewa, 2. Shiga kuwa 1. Alal misali, jaka mai lamba 755 ta ba mai ita 7, dukkan ukun ke nan, sauran kuwa 5, su shiga su gani amma ba su rubutu. Manhaja tana aiki ne da izinin wanda ya buɗe ta, don haka inda aka hana shi, an hana ta.

3.0 Hanyar Gyara

Da farko a rubuta umarnin ls -ld da sunan jakar, domin a ga mai ita da izininta. Galibi akan tarar babban mai kula da na'ura ne ya ƙirƙire ta. Idan haka ne, sai shi mai kular ya mayar wa ɗalibin mallakarta da umarnin chown. Idan kuwa jakar tasa ce amma babu izinin rubutu, sai ya ƙara shi da chmod. A Windows kuma, jakar Program Files a kulle take ga mai amfani na gama-gari, sai a mayar da aikin cikin jakar Documents.

4.0 Kammalawa

Wasu sukan yi gaggawar sa 777, wadda ke ba kowa damar canzawa da gogewa, har da muguwar manhaja. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Abin da ya dace shi ne a ba da izini gwargwadon buƙata, ga wanda yake buƙatarsa kaɗai.