Bayan Wuta Ta Mutu, Wa Ke Cin Gudummawa?

Wannan mako ba zancen girki ko renon jinjiri na zo muku da shi ba. Zancen kuɗi ne, watau kuɗin nan da hukuma da masu hali kan bayar don a ta da masu ƙaramar sana'a in wata masifa ta faɗa musu. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan matar aure da wannan? Ai zancen maza ne da 'yan ofis." To, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, sa'an nan ki yanke hukunci.

Abin da ya sami gwaggona

Duk mutumin Katsina bai manta da ranar Litinin, 22 ga Maris, 2021 ba. Ran nan da safe wuta ta tashi a Babbar Kasuwa, hayaƙi ya turnuƙe sama, aka yi ta fama, kafin a kashe ta ɗaruruwan shaguna sun ƙone ƙurmus. Gwamnan lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya je ya gane wa idonsa, aka kuma kafa kwamiti don a ƙididdige asara. Manyan mutane suka yi ta zuwa jaje. Cikinsu har da Bola Ahmed Tinubu, wanda a sa'an nan bai zama Shugaban Ƙasa ba, ya ba da naira miliyan 50.

Ina da wata gwaggo, ba ta taɓa zaman kasuwa ba ko na yini ɗaya, amma wutar nan ta ci jarinta kaf. Ga yadda aka yi. Man gyaɗa take matsewa a gida, ta soya ƙuli-ƙuli, yaro ya kai wa wani mai shago, in ya sayar ya aiko mata da kuɗi. Shekara da shekaru suna haka, ba a taɓa jin kansu ba. Ana sauran kwana uku gobara ta kwashi adashi, ta zuba shi duka a gyaɗa, ta aika masa da jarka huɗu.

Da ƙura ta lafa, mai shago ya sami ɗan abin da ya samu na gudummawa, ya aiko mata da kuɗin jarka biyu, ya ce abin da ya tuna ke nan. Mutumin kirki ne, ban ce ya yi ƙarya ba, littafinsa ya ƙone tare da shago. Ita kuwa ba ta da ko guntuwar takarda, shaidarta ɗaya yaro ɗan shekara tara. Sai ta ce ta bar wa Allah. Ta yi shekara guda cur turminta a kife kafin ta sake haɗa jari.

Kun ji abin da ya sa na ce zancen nan namu ne. Bayan kowane shago a kasuwa akwai mata a ɗaka: mai daddawa, mai taliyar murji, mai ɗinkin hula, mai turaren wuta, mai saƙa. In shago ya ƙone, nasu ya ƙone, amma in an zo rubuta asara, mai shago ake gani a tsaye.

Yadda gudummawa ke tafiya

Taimakon da kan biyo bayan masifa iri biyu ne. Na farko shi ne na gaggawa, kamar abinci da tabarmi da barguna da kwanon rufi. Wannan aikin hukumar NEMA ne, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1999, tare da 'yar'uwarta ta jiha da ake kira SEMA. Irinsa aka kai Jibiya a watan Yuli na 2018, sa'ad da ruwa ya yi ambaliya cikin dare ya hallaka fiye da mutum 40. Na biyu shi ne na mai da jari, don mai sana'a ta koma kan sana'arta, kada ta dawwama tana miƙa hannu. Kan na biyun nake magana.

Kafin kuɗin nan su kai hannun mai su, sai sun ratsa ƙofa huɗu. Da farko a rubuta waɗanda abin ya shafa da iyakar asararsu. Na biyu a tantance, watau a bincika a ga ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Na uku a biya. Na huɗu a komo a duba, shin kuɗin sun isa ga waɗanda aka rubuta, sun kuma yi abin da aka ba su dominsa?

Kowace ƙofa tana da ɓarawonta. A ta farko akan cusa sunan ƙane da suruki da wanda ko tsinke bai rasa ba, ko kuwa mai asarar buhu biyu ya ce goma. A ta biyu mai tantancewa ya zauna a ofis ya sa hannu, bai taka ƙafa ya je ya gani ba. A ta uku sai ga dillali ya ce shi ya yi miki hanya, rabi nasa ne. Ta huɗu kuwa sau da yawa ba wanda ke tsayawa a bakinta, kowa ya kama gabansa. Abin da za ki riƙe shi ne, kuɗin gudummawa ba rijiya ba ne, ƙidayayyu ne. Duk sunan ƙarya ɗaya da ya shiga, sunan gaskiya ɗaya ya fita, galibi kuwa na mace ne, don ita ce ba ta wurin balle ta yi gardama.

Bincike ba cin mutunci ba ne

Na sha jin mata suna ƙorafi, wai an zo ana yi musu tambayoyi kamar ɓarayi: ina katinki, ina lambar banki, ina kayan sana'ar, a ɗauki hoto. Ni kuwa na ce mu gode wa mai tambaya. Ranar da aka daina tambaya, ranar ce mai uwa a gindin murhu zai kwashe duka.

Ku dubi abin da ya faru lokacin annobar korona, sa'ad da aka rufe kasuwanni a 2020. Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 75 don ceton ƙananan sana'o'i. Cikin shirin aka ba masu aikin hannu, irin su teloli da masu gyaran gashi, naira 30,000 kowanne, aka kuma yi alkawarin yi wa sana'o'i 250,000 rajista kyauta. Har aka ƙayyade cewa kashi 45 cikin 100 na masu amfana su zama mata. Amma fa sai mai lambar BVN da asusun banki. Lambar nan, wadda aka fara bayarwa a 2014, ita ce ke hana mutum ɗaya ya karɓa da suna uku. Macen da ba ta da ita, ko an ware mata kaso, yaya za a yi ya iso ta?

Akwai kuma wata dabara da ta burge ni. A watan Disamba na 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin NG-CARES, wanda ya haɗa jihohi 36 da Abuja, ɗaya daga cikin sassansa uku kuwa na ƙananan sana'o'i ne. Ƙa'idarsa ita ce, jiha ta fara yin aikin, sa'an nan a aiko masu bincike waɗanda ba ma'aikatanta ba, su duba littattafai, su nemi waɗanda aka ce an ba su ji daga bakinsu. Abin da suka tabbatar, a kansa ake biyan jiha. Ashe ba mu kaɗai ake tambaya ba, har Gwamnati ana ce mata, "Ina shaidarki?" To, in Gwamnati ba ta fi ƙarfin bincike ba, ke da ni fa?

Kyauta daban, rance daban

Nan ne mata da yawa suka faɗa rami. A shekarar nan ta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50 don magidanta da masu ƙananan sana'o'i, ta hannun bankin NIRSAL. Wannan rance ne, ba kyauta ba. Amma a gari sai aka yi ta cewa "kuɗin korona", mutane da yawa suka karɓa suna zaton rabon Gwamnati ne. Da lokacin biya ya yi, sai wasu suka wayi gari an zare kuɗi daga asusunsu, domin lambar BVN ɗin nan tana bin mutum kowane banki ya je.

Saboda haka kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. Ki yi tambaya uku: kyauta ce ko rance? In rance ne, yaushe za a biya, nawa kuma za a ɗora? In kyauta ce, me aka ce a yi da ita? Mai tambaya ba ya ɓata.

Abin da za ki yi tun wuta ba ta tashi ba

Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da gemu, amma muna da jari. Ga ruwan da za mu shafa masa.

Na ɗaya, ki sayi littafi mai layi, irin na 'yan makaranta. Duk abin da kika saya da abin da kika sayar, ki rubuta da kwanan wata.

Na biyu, in kin aika da kaya shago, a rubuta a wuri biyu, naki da na mai shago, ya sa hannu a naki. Ba rashin yarda ba ne. Ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Na uku, kada littafi ya kwana wuri ɗaya da kaya. In akwai waya mai hoto a gidan, a riƙa ɗaukar hoton shafi duk ƙarshen mako.

Na huɗu, ki yi katin ɗan ƙasa, ki buɗe asusu da sunanki, ba da sunan maigida ko ɗanki ba. Lambar sirri kuwa ko uwar ɗakinki ce kada ki faɗa mata, ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarta.

Na biyar, ku haɗa kai. Matan unguwa masu sana'a ɗaya su yi ƙungiya, da shugaba da ma'aji da littafin sunaye, a yi mata rajista. Muryar mace ɗaya ba ta wuce zaure, ta mata talatin kuwa tana kaiwa ofis. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda dā ya shugabanci hukumar ƙananan sana'o'i ta ƙasa, SMEDAN, ya kafa wa jiha tata mai suna KASEDA. Shugabar ƙungiya ta san hanyar irin waɗannan ofisoshi tun ana zaune lafiya.

Amana hannu biyu ce

In Allah ya sa kin samu, to, nauyi ya hau kanki. Kuɗin da aka ba ki don ki sayi keken ɗinki, kada su tafi ga anko ko kayan ɗakin 'ya. Na san biki yana da matsi, na san bakin dangi. Amma keke shi zai yi miki anko goma nan gaba. Ki adana rasit, domin ran da mai dubawa ya yi sallama, ki nuna masa keke da takarda, ki yi masa sai an jima da fuskarki a sake. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Su ma masu rabo akwai abin da ya wajaba a kansu, ba kuwa rashin kunya ba ne mu nema. A faɗi nawa aka tara. A manna sunayen masu karɓa a fili, a kasuwa da ƙofar mai unguwa, kafin a biya, don jama'a su ce wane gaskiya ne, wane ba mu san shi ba. A sa mata cikin masu zagayen rubutu, domin namiji ba ya shiga gidan kulle, abin da bai gani ba kuwa ba zai rubuta ba. Bayan an gama a fito da lissafi kowa ya ji.

In wani ya ce sai kin ba shi wani abu kafin ya sa sunanki, ko ya zaftare rabonki, kada ki ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama ki yi shiru. Ki gaya wa maigida da shugabar ƙungiya, a kai ga mai unguwa. In bai warware ba, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, ba a kuwa biyan ko kwabo don kai kuka wurinta. Akwai kuma ICPC da EFCC masu farautar maciya amana. Sai dai duk inda kika je, abin da za a fara tambaya shi ne: yaushe, nawa, wa ya gani? Kin ga mun komo kan littafi.

Gare ku 'yan makaranta

Ke da ke aji biyar ko shida, ke ce akawun gidanku. Lissafin da muke koya muku ba don jarrabawa kaɗai ba ne. Yau in kin koma gida, ki ja layi huɗu a sabon littafi: kwanan wata, kaya, wanda aka ba, kuɗi. Ki zauna kusa da Inna bayan sallar isha'i, ta faɗa ki rubuta. In an kawo takarda, ki karanta mata a hankali har ƙasa, har ƙananan rubutun nan da ake ƙyalewa.

Gwaggona yanzu haka take yi. Jikarta ce ke riƙe da littafi, ba jarkar da ke fita zaure sai an rubuta, mai shago kuma ya sa hannu. Da farko ya yi dariya, yanzu shi da kansa ke cewa a kawo littafi.

Allah ya kiyashe mu da gobara da ambaliya, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, amin. Wadda ke da tambaya a kan yadda ake jan layin littafi, ta rubuto wa wannan fili. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Malamar Makaranta, Katsina