Yadda Yaro Ke Fara Koyon Goge a Ƙasar Miga

Manazarta kiɗan Hausa sun fi mai da hankali ga gwanaye, irin su Garba Liyo mai goge da Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka masu kukuma. Ba kasafai akan tsaya a tambayi yadda gwani ya faro ba. Wannan maƙala za ta dubi matakan farko da yaro ke bi a Miga da maƙwabtanta na masarautar Dutse, kamar Jahun da Kiyawa, inda al'adar ba ta saɓa da ta sauran ƙasar Hausa ba.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne, ba da goge ake fara koyon goge ba. Yaro, ko ɗan gado ne ko haye ya yi, yakan soma da bin maigida wajen biki, yana ɗaukar kaya. Daga nan sai a zaunar da shi cikin 'yan ƙwarya, ya riƙa kiɗa da amshi. Wannan zama da wasu ke ɗauka bauta ce, shi ne karatun. A nan ne take da kirari ke zama masa a kunne, har ya gane cewa goge magana yake yi, domin yana bin hawa da saukar karin sautin Hausa. Wanda bai riƙe taken a ka ba, ko an danƙa masa goge ba abin da zai faɗa da shi.

Gogen farko kuwa, galibi yaron ne ke haɗa abinsa da gwangwanin madara ko 'yar ƙwarya, da sanda, da 'yan silin izgar doki. Manya sukan yi masa dariya, amma ba sa hana shi, kuma suna da hujja. Goge na sosai kaya ne mai wuyar sha'ani: ana rufe ƙwarya da fatar guza, a ɗaura tsagiya ta gashin wutsiyar doki, a tokare ta da ɗan itacen da ake kira jaki, sannan a shafa wa izga ƙaro don ta kama. Danshin damina na sa fatar ta saki, sai an kanga ta a wuta ko an shanya ta a rana. Hannun yaro bai isa wannan hidima ba. Ga shi kuma sandar goge ba ta da wata alama da ke nuna inda za a ɗora yatsa. Tsagiya ɗaya ce, taɓa ta kawai ake yi, kunne ne ke nuna ko an dace. Saboda haka kukuma, da yake ta fi ƙanƙanta, ta fi dacewa da gajerun yatsu.

Abin sha'awa, Turawa ma da gogensu mai tsirkiya huɗu sun san wannan matsala, shi ya sa suke ƙera ƙanana, na rabi da na rubu'i har zuwa ɗaya bisa 16. Shinichi Suzuki, malamin goge na ƙasar Japan da ya rasu a 1998, ya gina koyarwarsa a kan cewa yaro ya koyi kiɗa kamar yadda ya koyi harshen uwa, wato ji kafin karatu. Masu bin tafarkinsa har da gogen kwali suke fara wa yara. Makaɗin Miga bai rubuta littafi ba, amma hanyar ɗaya ce.

Sai dai babbar wahalar ba a yatsu take ba, a gida take. An daɗe ana danganta goge da bori da gidajen mata masu zaman kansu, malamai kuma suna ƙyamarsa tun zamanin jihadi. Ƙaddamar da shari'a a Jihar Jigawa a 2000 ya ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfi, kiɗan fiyano na situdiyo kuma ya kwashe bukukuwa da yawa. Uban da ɗansa ya nuna sha'awar goge yakan yi tunanin wa zai ba yaron aure gobe. Jacqueline DjeDje, a littafinta na 2008 kan masu goge a Afirka ta Yamma, ta nuna cewa a Dagomba ta ƙasar Gana goge kiɗan fada ne, iyalai kuma na gadonsa da alfahari. A nan kuwa, sau da yawa yaro a ɓoye yake haɗa gwangwaninsa, ya tafi bayan gari ya gwada.