Daga Fadamar Rima Zuwa Ajin Injiniya: Shirin Da Ake Yi Tun Kafin JAMB

Duk wanda ya taɓa sauka fadamar gulbin Rima ta wajen Sabon Birni, ko bakin Bunsuru ta wajen Isa, a lokacin noman rani, ya san ƙarar injin ban-ruwa. Ya kuma san yaron nan da ake aikawa a kira idan inji ya yi gardama. Zai zo da sufana a aljihu, ya ja igiya sau biyu, ya kasa kunne, ya kwance fulogi ya dubi bakinsa, ya ce mai ne ya yi masa yawa. Bayan cire tallafin fetur a 2023, irin waɗannan hannuwa ne suka riƙa mayar da injunan manoma masu aiki da tukunyar gas a faɗin Arewa. Sai ka ji dattawa na cewa, "Wannan yaro injiniya ne, Allah Ya yi masa baiwa."

Baiwar gaskiya ce, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar da maƙeranta suka ƙera wa Gobirawa takubba da garemani tun zamanin Alƙalawa. Amma jami'a ba ta auna baiwar hannu a bakin ƙofa. Takarda take tambaya.

Mai son karatun injiniyan injuna yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, cikinsu lallai a sami Turanci da Lissafi da Fizik da Kemistiri, a zama ɗaya ko biyu. Waɗannan huɗun dai su zai sake fuskanta a jarrabawar JAMB, wadda makinta 400 ne, kuma a kwamfuta ake yin ta. Ba a rajistarta sai da lambar NIN. Idan sunan da ke jikin NIN ya saɓa da na takardar makaranta, ko da harafi ɗaya ne, a gyara tun da wuri.

A ganina, ba a zauren JAMB ake faɗuwa wannan karatu ba. Tun ranar da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare ake yanke masa hukunci, sa'ad da ake raba ɗalibai tsakanin ajin kimiyya da sauran azuzuwa. Galibi uba yana gona ko kasuwa, bai ma san an yi rabon ba. Yaro ya bi abokansa, ko ya guje wa malamin lissafi mai bulala, bayan shekara uku ya gane ƙofar ta rufe. Wanda bai zauna ajin Fizik ba, ko injin jirgin sama yake kwancewa, ba za a ɗauke shi ba. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Me ya sa lissafi ya zama ƙashin bayan abin? Bakanike ya san ƙarfe kaza zai karye domin ya sha ganin ya karye. Injiniya kuwa ana so ya faɗi nauyin da zai karya shi tun ba a ƙera ba. Bakanike ya san tiyo mai tsawo yana rage ƙarfin ruwa, injiniya zai lissafa faɗin bututu da ƙarfin injin da za su kai ruwan gonar da ke kan tudu. Shekara biyar ake yi ana koyon wannan: ta farko kusan duk lissafi ce da kimiyya, sannan zanen injuna, ƙarfin ƙarafa, tafiyar ruwa da iska, da yadda zafi ke komawa motsi. A shekara ta huɗu akan tura ɗalibi masana'anta wajen wata shida ƙarƙashin shirin SIWES, wuri irin kamfanin siminti na Kalambaina. A nan ne yaron fadama yake fin ɗan birni, don shi baƙin mai ba ya ba shi tsoro.

Ba za a ɓoye halin da yankin yake ciki ba. Ta'asar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka, wasu iyalai sun tsallaka jihar Maraɗi, a 2021 har layukan waya aka katse. Yaron da karatunsa ya yanke na zango biyu zai iya cike giɓin Tarihi da karatun dare, amma Lissafi gini ne, tubali bisa tubali. Ga shi kuma WAEC tana da jarrabawar gwaji, inda za a miƙa wa ɗalibi zare da ɗan dunƙulen ƙarfe ya auna lilonsa da agogo. Wanda a allo kawai ya taɓa ganin abin, hannunsa rawa zai yi.

Hanyar ba ɗaya ba ce. Akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Bayero a Kano. Wanda makinsa bai kai ba yana iya bi ta kwalejin fasaha, kamar ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda daga Isa ta Shinkafi ake zuwa, ya yi difloma mai kyau, ya shiga jami'a daga aji biyu. Akwai kuma shirin share fagen shiga jami'a na IJMB. Bayan digiri da 'yan shekarun aiki, sai hukumar COREN ta yi wa mutum rajista kafin ya amsa sunan injiniya a hukumance. Duk wannan bai ware 'ya'ya mata ba.

Don haka, iyaye da 'yan boko na Isa da Sabon Birni, in kuna da yaro a aji uku na ƙaramar sakandare bana, ku je makarantar da ƙafarku. Ku tambayi shugabanta ko akwai malamin Fizik, ku nemi a nuna muku ɗakin gwaji. In babu, ku haɗa kuɗin malamin da zai koyar da yaran da yamma, ko ku nema musu gurbi a inda akwai, tun kafin a raba azuzuwa.