Kafin Mu Ba da Shawara, Mu San Gidan da Mutum Ya Fito

 Karatunmu yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6, aya 1 zuwa 7. Bari kowa ya buɗe nasa Littafi ya karanta a natse, mu a nan kan labarin kaɗai za mu taɓa.

Ikilisiyar Urushalima tana cikin ƙaruwa, sai ga gunaguni ya tashi. Waɗansu masu bi a ƙasar suka girma da harshen gida, waɗansu kuwa a ƙasashen waje suka tashi, Helenanci ne a bakinsu. Waɗannan na biyun suka yi kuka, suka ce ana tsallake gwaurayensu a wajen rabon abinci na kullum. Luka bai ce da mugunta aka yi ba. Mai yiwuwa masu rabon sun bi ƙofofin da suka sani ne, suka wuce waɗanda ba su sani ba. Manzanni kuwa ba su tsauta wa masu kukan ba. Suka sa jama'a ta zaɓi mutum 7, in ka duba sunayensu, tun daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, za ka tarar dukansu sunayen Helenanci ne. Wato aka danƙa aikin a hannun waɗanda suka san harshen matan nan da irin zamansu.

Mun ɗauko wannan labari ne saboda wani aiki da ba a kan mumbari ake yinsa ba, wato aikin ba da shawara. Fasto yana yinsa, matar fasto tana yinsa, dattawa da shugabannin Zumuntar Mata suna yinsa, duk sa'ad da wani ya zo da nauyin zuciya, ko rikicin aure, ko makoki.

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure ikilisiyoyinmu na Arewa. Ka shiga sujadar Hausa a Jos, ko Kaduna, ko Sabon Garin Kano, za ka ga Birom da Angas da Tarok daga Filato, Bajju da Atyap daga kudancin Kaduna, Tangale da Waja daga Gombe, Bura da Margi da Kilba daga Borno da Adamawa, ga Hausawa daga ƙauyukan Kano da Katsina, ga Fulani, duka a benci ɗaya. Gaurayar ta ƙaru bayan rikicin Boko Haram, musamman a 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, aka kuma kama hedkwatar EYN a Kwarhi, dubban 'yan'uwa suka watsu zuwa Yola da Jos da Abuja. Wannan tarayya albarka ce. Amma tana da tarko a ciki. A Urushalima bambancin harshe ya tona matsalar da wuri. Mu kuwa, da yake dukanmu muna waƙa da Hausa, muna addu'a da Hausa, sai mai ba da shawara ya ɗauka cewa tun da ya ji kalmomin mutum, ya ji mutumin ke nan.

Mu kanmu mun faɗa cikin tarkon nan, ba kuwa za mu ɓoye ba. A wata ikilisiya da muka yi hidima, akwai wata Bafulatana da ta karɓi Almasihu da girmanta. Ɗanta na fari, saurayi, ya rasu a haɗarin mota. Da muka je gaisuwa muka tarar da ita a kan tabarma, kai a sunkuye, ido a bushe. Kome muka faɗa sai ta ce, "Sai haƙuri, Baba." Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan yaron ba. A ƙabilarmu, in aka yi irin wannan mutuwa, kukan uwa har unguwa ta uku ake jinsa. Saboda haka muka auna ta da mudun gidanmu, muka ce lalle matar nan bangaskiyarta ta yi ƙarfi. Har ranar Lahadi muka ba da misali da ita a wa'azi. Bayan wata 3 ta zo ta ce kanta yana zafi, ƙirjinta ya yi nauyi, barci ya ƙi zuwa. Muka yi mata addu'a, muka ce ta nemi maganin zazzaɓi.

Wata tsohuwa ce cikin Zumuntar Mata, wadda ta girma kusa da ruga, ta zo gida ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, ku gafarce ni, amma matar nan mutuwa take yi a tsaye. Ɗan fari ne fa. Ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yi kukansa a gaban mutane ba, balle a gabanku. Da kuka yabe ta a majami'a, kun rufe mata sauran ƙofar da ta rage."

Mama ta yi gaskiya. Fulani suna da abin da suke kira pulaku, wato halin da ya kamaci Bafulatani, cikin ginshiƙansa kuwa akwai kunya da jimiri. Nuna zafin ciwo a gaban jama'a abin kunya ne. Kunyar ɗan fari kuma Fulani da Hausawa duka suna da ita: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ƙaunarsa a fili, sau da yawa ma a hannun kaka yake girma. Ƙauna tana nan, al'ada ce ta rufe ta da zane. Abin da muka karanta a matsayin nasarar bangaskiya, ashe baƙin ciki ne da bai sami hanyar fita ba.

Littattafan ba da shawara da muka karanta a makarantar tauhidi yawancinsu daga Amurka da Ingila suka zo. Mun amfana da su ƙwarai, musamman koyarwar Carl Rogers cewa a saurari mutum da zuciya ɗaya, kada a yi saurin yanke masa hukunci. Amma littattafan nan suna da irin mutumin da suke gani a ransu: wanda zai zo shi kaɗai, ya zauna a ofis, ya dubi idonka, ya faɗi abin da ke damunsa kai tsaye, ya yanke shawara don kansa. Mutanenmu da yawa ba haka suke ba. Yarinyar da ta sunkuyar da kai ba ƙarya take yi ba, ladabi take yi. Wanda ya ce "To, Baba, na ji" bai ce ya yarda ba, ya dai girmama ka ne. Wani zai yi rabin sa'a yana gaisuwa da zancen damina, sai ka raka shi bakin ƙofa sa'an nan ya ce, "Af, dama akwai wata 'yar magana." Wannan 'yar maganar ita ta kawo shi. In ka riga ka duba agogo sau biyu, da ita zai koma gida. Wata kuma ba za ta taɓa faɗa wa namiji abin da ke tsakaninta da mijinta ba, sai ta bakin gwaggonta ko matar fasto.

Batun zafin kai da nauyin ƙirji ya kamata mu dakata a kansa. Mutanenmu ba safai suke cewa "ina baƙin ciki" ba. Sukan ce tunani ya yi musu yawa, ko wani abu yana yawo a jikinsu, ko zuciyarsu tana faɗuwa. Ba mu kaɗai ba ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Arthur Kleinman, ya duba marasa lafiya 100 a lardin Hunan na ƙasar Sin a 1980, waɗanda suke kukan ciwon kai da kasala da rashin barci, ya tarar 87 daga cikinsu suna da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Jiki ne yake faɗin abin da al'ada ta hana baki faɗa. Shi wannan likita ya koya wa masu jiyya su riƙa yin waɗansu tambayoyi masu sauƙi kafin su ba da magani, mu ma za su yi mana amfani. Ka tambayi mutum sunan da shi yake ba abin da ke damunsa, da abin da yake gani ya jawo shi, da dalilin da ya sa ya fara a lokacin da ya fara, da abin da ya fi tsoro game da shi, da irin taimakon da yake sa rai. Mu mukan ƙara da guda biyu: "A gidanku, in irin wannan ya faru, yaya ake yi? Wane ne kuma ya kamata ya zauna tare da mu?" Da mun yi wa Bafulatanar nan ko tambaya ɗaya cikin waɗannan ta bakin wata mace, da ba mu ɓata wata 3 ba.

Tambayar nan ta wanda ya kamata ya zauna tana da tarihi a ƙasarmu. Dokta Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya da ya yi karatu a Ingila, ya dawo Aro kusa da Abeokuta a 1954. Ya lura cewa in aka raba mara lafiya da danginsa aka kulle shi a asibiti, warkewa takan yi wuya. Sai ya shirya da ƙauyukan da ke kewaye, mara lafiya ya sauka a gidan mutane tare da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa, yana zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba wannan tsari, daga baya ma ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya yi aiki har da masu maganin gargajiya, a nan kam ba mu ce a kawo boka cikin ikilisiya ba. Abin da muka ɗauka daga gare shi shi ne, mutumin ƙasar nan ba shi kaɗai yake ciwo ba, ba kuwa shi kaɗai yake warkewa ba. Rikicin aure tsakanin ƙabilu biyu yakan nuna haka sarai. A wurin Hausawa sadaki na amarya ne, a ƙabilu da yawa kuwa dukiyar aure ta iyaye da dangi ce, suna kuma da bakin magana a auren har ƙarshensa. In ka sulhunta miji da mata a ofis, ka bar kawun da ya karɓi dukiya a waje, sulhun ba zai kai mako ba.

Sai dai a yi hankali da abu biyu. Na fari, sanin al'ada ba ya nufin mu ɗaura wa kowa tambarin ƙabilarsa. Bafulatanin da aka haifa a Legas, ya yi jami'a, wataƙila zai dubi idonka ya faɗa maka kome. Shi ya sa muka ce a tambaya, kada a yi zato. Na biyu, ba kowace al'ada ce za mu sa wa hannu ba. Mijin da yake dukan matarsa ya ce haka ake yi a garinsu, dangin da suke kwashe kayan gwauruwa su bar ta da marayu, iyayen da suke azabtar da yaro wai maye ne, waɗannan za mu tsaya mu ce a'a, ko da za a ji haushinmu. Amma ko a nan, wanda ya san yadda gidan yake shi ya san dattijon da za a bi ta wurinsa maganar ta shiga.

Mu kuma san iyakarmu. Wanda ya daina ci da barci makonni, ko yake jin muryoyi, ko yake zancen kashe kansa, a yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da wannan sashe. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Kai ɗan'uwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne, Luka da ya rubuta labarin da muka karanta shi kansa likita ne.

Game da 'yar'uwarmu kuwa, mun yi abin da manzanni suka yi, muka janye, muka danƙa ta a hannun Mama. Ita ta raka ta asibiti aka ba ta maganin da ya dawo mata da barci. Kowace yamma kuma takan ɗauki ƙwaryar gyaɗa ta je gidanta, su zauna suna ɓara, ba wa'azi, ba tambaya. Aka yi makonni a haka. Wata rana bayan faɗuwar rana matar ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da hular yaron, ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu, ta yi kuka har dare ya raba. Iyakar abin da Mama ta gaya mana ke nan, mu ma ba mu nemi ƙari ba. Ranar Lahadin da ta dawo sujada muka gaishe ta a bakin ƙofa kamar kowa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi, Baba." Har muka bar garin ba mu taɓa jin sunan yaron a bakinta ba.